Darasin Hankaka: Koyon Zane ta Hanyar Siffanta Tsuntsu Ɗaya da Salo Iri-iri

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta bakin kwata da sassafe, sa'ad da mahauta suka gama fiɗa, rana kuwa ba ta riga ta yi zafi ba, ya san yadda hankaki ke jeruwa bisa katanga suna jiran rabonsu, wannan ya sauko ya yi taku uku da ƙasaita, wancan ya karkata kai ya dubi mutum da ido ɗaya, sa'an nan ya buɗe fukafukai ya koma inda ya fito. Tsuntsu ne da babu yaron da bai san shi ba a ƙasar Hausa, har an sa shi cikin karin magana, ana cewa gabansa fari bayansa baƙi. Amma a miƙa wa mutum fensir da takarda, a ce ya fitar da siffar wannan tsuntsun da ya shekara talatin yana gani, nan take zai tarar cewa sanin da yake taƙama da shi sanin suna ne kawai, domin ba zai iya nuna inda farin nan ya fara da inda ya ƙare ba, balle ya faɗi yatsu nawa ke duban gaba, nawa ke duban baya.

Abin da ya same ni ke nan bara cikin hunturu, sa'ad da na ƙudura niyyar komawa ga zane, sana'ar da na so tun ina yaro, hidimomin duniya suka raba ni da ita. Hanyar da na bi kuwa ba ni na ƙago ta ba, tsohuwar hanya ce ta masu koyon wannan fanni, wato mutum ya zaɓi abu guda tak ya yi ta maimaita shi, yau bisa tafarkin wannan gwani, gobe bisa tafarkin wancan, har hannunsa ya gane abin da kowane gwani ya riƙe da abin da ya bari. Tsuntsu ya fi kome dacewa da wannan horo, domin da wuya a sami al'ummar da ta riƙi alƙalami ko buroshi ba ta zana tsuntsu ba, saboda haka malamai a nan ba su ƙirguwa. Ga shi kuma tsuntsu ba ya tsaya wa kowa, tilas ido ya koyi cafke abin da ya fi muhimmanci kafin ya tashi. Na zaɓi hankaka domin ba ya wuyar samu, launinsa biyu ne kacal, tawada da farar takarda sun ishe shi. Alƙur'ani mai girma ma, cikin Suratul Ma'ida, ya ba da labarin yadda ɗan Annabi Adamu ya koyi binne gawa daga hankaka, ashe ba yau wannan tsuntsu ya fara karantar da mutum ba.

Na san akwai mai karatu da zai tsaya a nan ya ce, ina hukuncin zana abu mai rai? Tambaya ce mai nauyi, ban kuwa ɗauke ta da wasa ba. Malamai sun daɗe da yin saɓani a kan mas'alar: wasu sun tsananta, sun hana kowace irin sura ta mai rai, malaman Malikiyya kuwa, waɗanda galibin mutanen ƙasarmu ke bin mazhabarsu, sun rarrabe tsakanin sura mai jiki wadda ke da inuwa, irin gunki, da zanen da ke shimfiɗe bisa takarda ko tufa, suka haramta ta farko idan gaɓoɓinta sun cika, na biyun kuwa ba su kai shi matsayin haram ba. Fatawa ba aikina ba ne, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya koma ga malaminsa. Abin da kawai zan iya shaida shi ne, tun da na fara wannan aiki ban taɓa tsayawa kan fiffike ba face na tuna Wanda ya jera gashinsa, Suratul Mulki kuwa da kanta ta ja hankalin bayi zuwa ga tashin tsuntsaye a sararin sama.

Mako biyu na farko ban kwaikwayi kowa ba, kallo kurum na yi. Nakan je bakin kwatar nan bayan sallar asuba, in zauna bisa wani kututture, in yi zane ashirin ko talatin kafin hantsi, kowanne bai wuce tsawon numfashi biyar ko shida ba, don iyakar abin da tsuntsun kan ba mutum ke nan. Jiki kamar ƙwai ne da aka ɗan kwantar, kai kuma wani ƙaramin ƙwai, sai layi guda da ya taso daga tsinin baki, ya bi ta ƙeya, ya gangara har ƙarshen bindi. Idan wannan layin ya yi daidai, ko ba a zana gashi ko ɗaya ba, mai wucewa zai ce hankaka ne. Idan kuwa ya karkace, ko an kwana ana ƙawata shi, tantabara za a gani ko kaza. A nan ne na fahimci cewa gaɓar nan da ke lanƙwashewa baya a tsakiyar ƙafar tsuntsu, wadda kowa ke kira gwiwa, idon sawu ce, gwiwar ta haƙiƙa tana can sama ɓoye cikin gashin ciki, tsuntsu kuwa bisa yatsunsa yake tafiya, na hankaka uku gaba ɗaya baya. A nan ne kuma na ga cewa farinsa bai tsaya ga ƙirji ba, ya zagayo ta kafaɗu ya haɗe a bayan wuya kamar wanda ya yafa mayafi, da cewa a gindin bakinsa akwai wasu gasu masu tauri da suka rufe ƙofofin hanci, da cewa baƙin nasa, idan hasken safiya ya faɗa masa, yakan yi sheƙi mai shuɗi-shuɗi irin na rawani ɗan Kura da ya sha bugu. Ashe karin maganar nan ta gaba fari baya baƙi ita ma zane ce, zane mai layi biyu, wanda ya riƙe abin da mai magana ke bukata ya zubar da saura. Da na gane haka sai na gane abin da ake nufi da salo, tun kafin in buɗe littafin kowane gwani.

Na fara da mafi tsufa. A Maidum ta ƙasar Masar, cikin kabarin wani ɗan sarki mai suna Nefermaat da matarsa Itet, an sami zanen dinya shida a jikin bango, mai shekara wajen 4,600, aka ciro shi a 1871 aka kai shi gidan kayan tarihi na Alƙahira. Kowace an zana ta daga gefe, an kewaye ta da layi tsaf, an cika cikinsa da launi, babu inuwa, babu nesa babu kusa. Kusa da wannan ne aikin masu ƙawata littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8 na Miladiyya, wanda kuma ke da babi sukutum a kan gabar hankaki da mujiyoyi. A cikin wani kwafinsa na farkon ƙarni na 13 da ke ajiye a birnin Paris, ana ganin sarkin hankaki da mashawartansa, duk baƙaƙe, amma karkatar kai da buɗewar baki sun isa su nuna wanda ke magana da wanda ke saurare. Daga waɗannan biyu na koyi ja layin gefe sau ɗaya ba tare da hannu ya yi rawa ba.

Wanda ya fi ba ni wahala, ya kuma fi ba ni amfani, shi ne Ustaz Mansur, mai zanen fadar Sarki Jahangir, wanda ya mulki ƙasar Hindu daga 1605 zuwa 1627. Jahangir mutum ne mai son sanin halittu, duk sa'ad da aka kawo masa wata dabba ko tsuntsu da bai taɓa gani ba sai ya sa a zana masa shi don kada siffarsa ta ɓace, ya kuwa yarda da hannun Mansur har ya laƙaba masa Nadirul Asri, wato wanda ba shi da na biyu a zamaninsa. A 1612 aka kawo wa sarki talotalo daga Goa, inda Turawan Fotugal ke ciniki, tsuntsun da asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Mansur ya zana shi da bindinsa a baje, zanen yana nan har yau a gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Ana kuma jingina masa zanen dodo, wani ƙaton tsuntsu marar tashi na tsibirin Morishas wanda ya ƙare daga doron ƙasa kafin ƙarshen ƙarni na 17, masana halittu kuwa suna ƙidaya zanen cikin 'yan ƙalilan da za a dogara da su wajen sanin kamannin tsuntsun. Ka ga inda zane ya zama shaida bayan wanda ake shaida a kansa ya shuɗe.

Masu zanen wannan fada sukan goge takarda da dutse mai santsi har ta yi sulɓi, sa'an nan su yi aiki da buroshin gashin kurege mai tsini ƙwarai, suna ɗora launi sama-sama, shafi bisa shafi. Na shafe kwana huɗu a kan hankaka ɗaya bisa wannan tafarki. Sai da na ƙirga manyan gasun bakin fiffike, goma a kowane gefe, da na bindi goma sha biyu, na kuma lura da yadda ƙananan ke hawa bisa manya kamar yadda ake jera shuci a jinka, kowane layi ya rufe gindin na ƙarƙashinsa. Mas'alar da ta fi ɗaure mini kai ita ce yadda za a raba baƙi da baƙi, tun da gashin duka launinsa ɗaya. Maganinta, bayan takardu da yawa sun lalace, shi ne a tsarma tawadar da ruwa, a shafa sau uku ko huɗu ana jira kowane shafi ya bushe, a bar wa bakin kowane gashi ɗan siririn haske wanda bai kai kaurin zare ba. Aiki ne na haƙuri tsantsa, irin haƙurin mai rubuta Alƙur'ani da ka, wanda ya san wasali ɗaya in ya kauce shafin duka ya tashi aiki.

Daga nan na nufi ƙasar Sin, inda na tarar da mazhaba biyu masu kishiyantar juna. Ta farko ita ce ta Sarki Huizong, wanda ya hau gadon sarauta a 1100, ya kuwa fi shahara da buroshi bisa ga mulki, don a 1127 abokan gaba daga arewa suka kama shi bayan sun ci birninsa Kaifeng. Zanen da aka fi saninsa da shi na gauraki ashirin ne da aka gani bisa ƙofar fada a 1112, goma sha takwas suna shawagi, biyu sun sauka a ƙarshen rufi. Ana ba da labari cewa masu zanen fadarsa sun taɓa zana ɗawisu yana shirin hawa tudu da ƙafar dama a ɗage, sarki ya ƙi karɓa, ya ce ɗawisu da hagu yake fara hawa, aka koma aka duba aka tarar haka ne. Wannan mazhaba 'yar'uwar ta Mansur ce wajen tahƙiƙi. Ta biyun kuwa ita ce ta su Zhu Da, wanda aka fi sani da Bada Shanren, jinin sarautar Ming, wanda aka haifa a 1626, ya juya wa duniya baya ya shiga zaman sufanci irin na mabiya Buddha bayan daular kakanninsa ta faɗi a 1644. Tsuntsayensa sau da yawa ɗaya ne tilo a tsakiyar takarda, tsaye bisa ƙafa ɗaya, a takure, ido yana duban sama, an gama shi da 'yan shafe-shafen buroshi ƙalilan, sauran takardar duka fili ne.

A nan hankaka ya sami gidansa. Na haɗa tawada irin ta makarantar allo, gawayi da ƙaro, na jiƙa buroshi mai laushi, na danna cikinsa sau ɗaya aka sami kai, na ja tsininsa aka sami baki, sa'an nan na ɗaga hannu na tsallake wani fili, na sake dannawa na ja aka sami baya da fiffike da bindi. Filin nan da na tsallake shi ne ƙirji, ban zana shi ba, farar takarda ce kurum, amma ido da kansa ya rufe shi ya ga tsuntsu cikakke. Babu gyara a wannan salo, tawada in ta sauka ta sauka. Na ɓata takarda kusan arba'in a yini guda, wasu ruwa ya yi yawa kan ya narke ya shiga ƙirjin, wasu buroshi ya bushe bindin ya tarwatse. Can wajen la'asar aka sami guda ɗaya wanda wani yaron maƙwabta da ke leƙe ta kafaɗata ya nuna da yatsa ya ce, "Baba, wannan zai tashi." Na tabbata da ban yi kwana huɗun nan tare da Mansur ina ƙirga gashi ba, da ban san inda zan danna da inda zan ɗaga ba. Taƙaitawa ba ta yiwuwa sai ga wanda ya san abin da yake taƙaitawa.

Turawa na ƙarni na 18 da na 19 sun zo da wata bukata, ita ce buga zane cikin littafi. Thomas Bewick na Newcastle a Ingila, wanda littafinsa na tsuntsayen Birtaniya ya fito kashi biyu a 1797 da 1804, yakan sassaƙa zanen ne bisa katako mai tauri, inda duk wurin da ƙarfe ya ci zai fito fari, wurin da aka bari ya fito baƙi, wato haske ake zanawa ba duhu ba. Masu zanen ƙwarya a kasuwanninmu za su gane wannan tunani ba tare da dogon bayani ba. John James Audubon kuwa, wanda aka buga babban littafinsa na tsuntsayen Amurka tsakanin 1827 da 1838, ya dage a kan kowane tsuntsu ya fito daidai girmansa na rai, a shafuffuka 435, kowanne tsawonsa kusan mita guda, har sai da ya sunkuyar da wuyan dogaye irin zalɓe kafin su shiga takardar. A 2010 an sayar da kwafi ɗaya a Landan a kan fam miliyan 7.3. Na koyi motsi daga gare shi, yadda ake sa tsuntsu ya juya ko ya kai sara maimakon tsayuwa ƙiƙam. Amma ban bi shi a hanyarsa ba, ba kuma zan shawarci kowa ya bi ba, domin harbe tsuntsayen yake yi da bindiga, ya soke su da waya ya kafa bisa allo cikin siffar da yake so, sa'an nan ya zana. Zamaninsa ba shi da kyamara, namu yana da ita a cikin aljihun kowa, babu sauran hujjar kashe rai don zane.

A 1934 wani Ba'amurke, Roger Tory Peterson, ya fitar da ɗan ƙaramin littafin da ake sawa a aljihu a shiga daji da shi, inda ya sauƙaƙa zanen kowane tsuntsu, ya ja 'yar kibiya tana nuna alamar da ta raba shi da mai kama da shi. Da na gwada, kibiyata a kan farin wuya ta sauka, don a can bakin Sahara akwai ɗan'uwan hankaka wanda ba shi da fari ko kaɗan. Charley Harper na birnin Cincinnati, wanda ya rasu a 2007, ya wuce nan, ya mayar da tsuntsu da'ira da kusurwa da miƙaƙƙen layi, abin da ya dame shi shi ne yawan fukafukai ba yawan gashin da ke jikinsu ba. Na zaci wannan baƙon abu ne, sai da na ɗauki abin ja layi na fara, na ga ashe hannuna ya san hanyar tun daga zayyanar allo ta ranar sauka, inda ake gina kyau da murabba'i da da'ira. Haka kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954, ta riƙa tsaga siffofin ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu a jikin tulunanta da layuka ƙalilan, bisa gadon mutanenta Gwari. Masu fentin manyan motoci da ke zana mikiya da ɗawisu a bayan gingimari su ma suna da mazhabarsu, wadda ta cancanci a zauna a yi nazarinta.

Akwai hatsari guda a wannan horo wanda ya wajaba in faɗa. Mai koyo yakan shagala da kwaikwayon gwanaye har ya daina duban tsuntsun, ya koma zana zanen wani, alhali su gwanayen ba daga littafi suka ɗauko ba. Almajiri yakan fara da bin hannun malaminsa harafi da harafi, wannan taƙlidi ne da ba makawa daga gare shi, amma ba a yi shi don a dawwama a cikinsa ba. Saboda haka bayan kowane salo nakan koma bakin kwata in yi kwana biyu ba tare da littafin kowa ba. A ƙarshen wata na uku na jera takardun a tsakar ɗaki, na ga waɗanda na yi daga baya ba su zama na Mansur ba, ba su zama na Bada Shanren ba: layin gefe na Masar ne, ƙirjin farar takarda ce, ƙafafun an ƙirga yatsunsu, tsayuwar kuwa ta hankakan garinmu ce.

Nijeriya kaɗai tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, dubbai kuma sukan sauka a fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara daga Turai. Manyan littattafan da aka siffanta tsuntsayen Afirka ta Yamma a cikinsu, tun daga mujalladi takwas na David Bannerman da suka fito tsakanin 1930 da 1951, har zuwa na Nik Borrow da Ron Demey na 2001, da harshen Turawa aka rubuta su, alhali sunaye irin su cilakowa da carki da burtu da marai da shamuwa da balbela suna nan a bakin mafarauta da makiyaya da manoma, tare da sanin lokacin zuwan kowanne da abin da yake ci, dattawan da suka riƙe wannan sani kuwa kullum raguwa suke. Ina kira ga ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da masu binciken tsuntsaye na cibiyar Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, da malaman zane na makarantunmu, su haɗa hannu su ba yaranmu littafin tsuntsayen ƙasarsu da harshensu da zanen hannun 'ya'yanta. Kai kuwa mai karatu, in kana da fensir da takarda, ka fita gobe bayan asuba ka zana tsuntsun farko da ya sauka a gabanka, ka rubuta sunansa da Hausa a ƙarƙashin zanen, da ranar, da wurin da ka gan shi.